Tambarin New Line Cinema: yaushe kamfanin ya daina cin gashin kansa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna a kan tambarin kamfanin New Line Cinema na Amurka, wanda duk mai kallon fina-finan shekarun 1990 ya san shi ko da bai taɓa kula da sunan ba: baƙin allo, shuɗin haske yana tasowa daga baya, wani akwati mai kusurwa huɗu yana juyawa, sai zaren fim guda biyu masu kama da tsani su zo su manne masa, ɗaya a tsaye a gefe, ɗaya a karkace a kusurwar sama. Abin da ya ja hankalina ba akwatin ba ne, ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan ne. A wasu fina-finan babu komai a wurin, a wasu an rubuta cewa kamfanin na Turner ne (kamfanin talabijin na attajiri Ted Turner), a wasu na Time Warner, a wasu kuma na AOL Time Warner. Duk da haka, marubuta da yawa sun ci gaba da lissafa shi cikin kamfanoni masu cin gashin kansu har zuwa 2008. Ni a ganina, ranar da wannan rubutu ya bayyana a ƙarƙashin tambarin, ranar ce 'yancin kamfanin ya ƙare. Ina neman ra'ayinku.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin a yanke hukunci a kan ranar da 'yancin ya ƙare, ya kamata a san yadda ya fara, domin yawancin masu tuna akwatin nan ba su san cewa kamfanin ya yi shekara 20 kafin ya samu wannan tambari ba.

Robert Shaye ne ya kafa shi a 1967 a birnin New York, a cikin ɗakin da yake haya, kuma shi mutum ne da ya karanta shari'a a Jami'ar Columbia. A lokacin ba ya shirya fim ko ɗaya. Sana'arsa ita ce ya nemi fina-finan Turai da na ƙananan daraktoci waɗanda manyan kamfanonin Hollywood suka ƙi kallo, ya sayi izinin nuna su, ya riƙa ba ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'i haya a kan ƙaramin zare mai faɗin milimita 16, wanda ake iya haskawa a zauren lacca ba sai an je gidan sinima ba. Daga cikin abin da ya fara kawo masa kuɗi akwai wani tsohon fim na 1936 mai suna Reefer Madness, wanda aka yi don tsoratar da matasa game da tabar wiwi. Haƙƙin mallakarsa ya riga ya faɗi, Shaye ya fahimci hakan da idon lauya, ya ɗauke shi ya zagaya jami'o'i da shi a farkon shekarun 1970, ɗalibai suka riƙa cika zaure suna kallonsa don nishaɗi. Bayan haka ya rarraba Pink Flamingos na John Waters, ya kuma kawo fim ɗin faɗa na Japan, The Street Fighter na Sonny Chiba, wanda hukumar tantance fina-finai ta Amurka ta ba shi alamar X, wato na manya zalla, saboda tsananin zubar da jini kawai. A gefe guda kuma, wannan kamfani ne ya rarraba fim ɗin Faransa na Bertrand Blier da ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje a 1979. Wannan gauraye na fim ɗin masana da fim ɗin tsakar dare shi ne asalin halin kamfanin, kuma ina roƙon a riƙe shi a zuciya yayin da muke muhawara.

Sadiya:
Na gode, Baba Alhaji. Ina da tambaya a matsayina na mai koyo. Idan ba su ne suke shirya fim ɗin ba, da wane dalili tambarinsu yake fitowa a gaban na wanda ya shirya? Na daɗe ina ɗauka cewa sunan da ya fara bayyana a allo shi ne na masu fim ɗin.

Injiniya Bashir:
Malama Sadiya, mutane da yawa suna ɗaukar haka, amma shirya fim daban, kai shi gaban masu kallo daban. Mai rarrabawa yakan sayi izinin fim na wata ƙasa zuwa wani wa'adi, daga nan nauyi ya koma wuyansa. Shi zai biya kuɗin buga kwafe-kwafen zaren da za a aika wa gidajen sinima, a zamanin da kowane gida sai an kai masa nasa gwangwanayen a mota. Shi zai biya talla a jaridu da talabijin. Shi zai zauna da masu gidajen sinima a yi cinikin ranar fitarwa da yawan makonni da yadda za a raba kuɗin tikiti. Idan fim ya faɗi, kuɗin tallar nan ba ya dawowa. Saboda haka tambarin da ke gaba yana gaya wa mai gidan sinima wanda zai bi bashi da wanda zai kira idan zare ya iso a lalace, yana kuma gaya wa mai kallo irin kayan da aka saba samu daga wannan hannu.

Wahalar ƙaramin mai rarrabawa ita ce ba shi da tabbacin kaya. Babban kamfani yana da fina-finai a jere duk shekara, don haka masu sinima ba sa son ɓata masa rai, suna biyansa a kan lokaci. Ƙaramin kuwa, idan ya gina wani darakta har ya yi suna, manya ne za su zo su ɗauke shi da kuɗi. Wannan ne ya tura New Line shiga shirya nasa fim, ya fara da Stunts a 1977.

Hajiya Rabi:
Ina so in tsaya a kan tambarin farko, domin Malam Nasiru ya fara ne daga na uku. Wanda ya kalli A Nightmare on Elm Street na 1984 a tsohon kwafinsa zai tuna cewa babu akwati ko kaɗan. Jan layi ne yake miƙewa a kan baƙin allo, ya yi walƙiya, sunan kamfanin ya fito da jajayen haruffa. Ba a kashe masa kuɗi ba, kuma ba a ɓoye hakan ba. A wurina wannan tambari ya fi duk waɗanda suka biyo baya faɗin gaskiya game da kamfanin, domin a wannan shekara Shaye yana bakin rami ne. Manyan kamfanoni sun ƙi labarin da daraktan fim ɗin, Wes Craven, ya rubuta, New Line ta karɓa ba tare da tana da kuɗin a hannu ba, aka tattaro jarin daga wurare daban-daban, har da kamfanin kaset na bidiyo da ya zuba kuɗi don a ba shi izinin sayar da fim ɗin a kaset. Abin da aka kashe bai kai dala miliyan 2 ba, ya kuma tara kimanin miliyan 25 a sinimomin Amurka. A cikinsa ne Johnny Depp ya fara fitowa a fim.

Abin da ya fi ribar farko muhimmanci shi ne wannan karon kayan nasu ne, babu mai zuwa ya ƙwace. Suka yi na biyu, suka yi na uku, har ’yan jarida suka riƙa kiran kamfanin gidan da Freddy ya gina, wato dodon fim ɗin. A 1986 suka sayar da hannun jari ga jama'a, a 1987 kuma akwatin mai zaren fim ya bayyana. Ina ganin ba haɗuwar tsautsayi ba ce: kamfanin da ya shiga kasuwar hannun jari yana bukatar alamar da za ta zauna daram a kan takardar wasiƙa da kwalin kaset da fosta, jan layi mai walƙiya kuwa a allo kaɗai yake aiki.

Malam Nasiru:
Hajiya, na yarda da wannan bayani, kuma yana ƙarfafa abin da nake faɗa. Akwatin 1987 ba shi da sunan kowa a ƙarƙashinsa, kuma a ƙarƙashin wannan akwati ne kamfanin ya yi abin da ya fi nuna amfanin cin gashin kai. A 1990 kamfanin Golden Harvest na Hong Kong ya shirya Teenage Mutant Ninja Turtles, manyan kamfanonin Hollywood suka ƙi rarraba shi saboda suna tsoron zai faɗi. New Line ta ɗauka. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 13 da rabi ya tara miliyan 135 a Amurka kaɗai, ya zama fim mai zaman kansa da ya fi kowanne samun kuɗi har zuwa wannan lokaci. A shekarar ce kuma suka fitar da House Party, wanda baƙaƙen fata suka shirya domin masu kallo baƙaƙe, a lokacin da manya ba su ɗauki wannan kasuwa da muhimmanci ba. Shekara guda bayan haka suka buɗe reshen Fine Line Features don fina-finan masana.

To sai Ted Turner ya saye su, cinikin ya kammala a Janairun 1994 a kan kimanin dala miliyan 500. A shekarar ce aka sabunta tambarin da kwamfuta, aka ƙara shuɗin hasken, aka kuma sa sunan Turner a ƙasa. Mutumin da ya sayar da kamfaninsa ya koma ma'aikaci, komai girman ofishinsa. Ban ga yadda za a kewaye wannan ba.

Alhaji Garba:
A nan ne muka saɓa, Malam Nasiru. Mallaka gaskiya ce, ban musa ba, amma a harkar rarraba fim tambayoyin da suke auna kamfani guda uku ne: wa yake cewa a yi wannan fim, wa yake tsara tallarsa, wa kuma yake ɗaga waya ya kira masu gidajen sinima. Daga 1994 zuwa 2008 amsar duka ukun tana cikin New Line, a hannun Shaye da abokinsa Michael Lynne. Ko da Time Warner ta haɗiye kamfanin Turner a 1996, wanda hakan ya sa New Line da Warner Bros. suka zama ’ya’yan gida ɗaya, ba a haɗa sassan rarrabawarsu ba. Ka duba kamfanin shirya fim na Castle Rock, wanda Turner ya saya a lokaci guda da New Line: shi an mayar da shi ƙarƙashin Warner Bros., fina-finansa suka koma fita ta hannun Warner. New Line kuwa ta ci gaba da fitar da nata da kanta, wani lokaci ma tana gogayya da Warner a kasuwa.

Ka kuma duba irin kayan da suka fito a ƙarƙashin tambarin mai sunan Turner. A Fabrairun 1996 suka fitar da Rumble in the Bronx na Jackie Chan a Amurka. Kafin nan an gwada shigar da Chan kasuwar Amurka a shekarun 1980 abin bai yi armashi ba. New Line ta sayi fim ɗin Hong Kong da aka riga aka gama, ta rage tsawonsa, ta juya maganganunsa zuwa Turanci, ta sauya kiɗan, ta baza shi a sinimomi da yawa lokaci guda, ya hau matsayi na ɗaya a makon farko. Wannan ita ce sana'ar da Shaye ya yi da fim ɗin Sonny Chiba shekara 20 kafin nan, ba abin da ya sauya sai yawan kuɗin talla. Daga nan ne aka samu Rush Hour a 1998.

Sadiya:
Baba Alhaji, ina da ja a kan wannan misali. Rage tsawon fim da sauya masa kiɗa har ya bambanta da yadda masu shi suka fitar da shi a gida, a ganina ba abin yabo ba ne. Idan tambarin mai rarrabawa yana gaba, kuma mai rarrabawan ya sa almakashi a cikin aikin, to mai kallo a Amurka bai ga fim ɗin da aka gani a Hong Kong ba. Ana yawan yabon ƙananan kamfanoni da cewa suna kare masu fasaha, amma a nan ban ga bambancinsu da manya ba.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata, maganarki tana kan hanya, kuma ba New Line kaɗai ba ce. Miramax, wani kamfanin rarraba fim na Amurka, ta fi ta suna wajen yanke fina-finan Asiya. Cin gashin kai bai taɓa nufin tausayin darakta ba. Wes Craven kansa ya yi shekaru yana ƙorafi a kan ƙarshen A Nightmare on Elm Street, wanda Shaye ya matsa a sauya don a bar ƙofar ci gaba a buɗe, kuma darakta Peter Jackson ya kai New Line kotu a 2005 a kan lissafin ribar fim ɗin farko na The Lord of the Rings. Abin da zan ce kawai shi ne ƙaramin mai rarrabawa yana ɗaukar fim ɗin da ba don shi ba da ba za a nuna shi ba sam, kuma wannan ba ya wanke shi daga laifin almakashi.

Injiniya Bashir:
Tunda an ambaci The Lord of the Rings, ina ganin a nan ne muhawarar Malam Nasiru da Alhaji za ta fi fitowa fili, domin kowannensu yana da hujja a cikinsa.

Aikin ya fara ne a hannun Miramax, wadda ta ga kuɗin ya yi mata yawa ta nemi Jackson ya dunƙule labarin a fim ɗaya. Jackson ya kai wa New Line shawarar fim biyu a 1998, Shaye ya ce littattafan uku ne, don haka a yi uku. Aka ɗauke su gaba ɗaya a New Zealand a kan kimanin dala miliyan 280, kafin a san ko na farkon zai karɓu. Hujjar Alhaji ita ce wannan shawara ta mutum ɗaya ce mai ikon cewa e, irin wadda kwamitin babban kamfani ba ya yankewa cikin sauƙi. Akwai kuma wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wato yadda aka tara kuɗin. New Line ba ta da ofisoshin rarrabawa a ƙasashen waje kamar Warner, saboda haka ta bi hanyar ƙananan kamfanoni: ta sayar da izinin ƙasashe da yawa tun kafin a gama fim ga masu rarrabawa na can, irin su Entertainment Film Distributors a Birtaniya da Metropolitan Filmexport a Faransa da Alliance a Kanada, kuɗinsu ya rufe babban kaso na jarin. Shi ya sa mai kallo a London ko Paris ba ta hannun Warner fim ɗin ya iso masa ba.

Hujjar Malam Nasiru kuwa tana rubuce a allo. Fim na farko ya fito a Disambar 2001 da sunan AOL Time Warner a ƙarƙashin akwatin, domin haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner ta kammala a Janairun shekarar. A Oktoban 2003 aka cire AOL daga sunan uwar kamfanin, wata biyu kafin fim na uku ya fito. Ke nan a tsawon fitowar labari ɗaya sunan mai gida ya sauya, ba tare da an tambayi kowa a New Line ba. Fina-finan uku sun tara kusan dala biliyan 3, sun ci Oscar 17, 11 daga ciki na fim na uku ne, amma ribar ta tafi asusun masu hannun jarin Time Warner.

Malam Nasiru:
Wannan shi ne abin da nake nufi, Injiniya. 'Yancin da wani ya ba ka aro, yana iya karɓewa ranar da ya ga dama, kuma an karɓe. The Golden Compass ya fito a Disambar 2007, an kashe masa kimanin dala miliyan 180, ya samu miliyan 70 kacal a Amurka. A sauran ƙasashe ya yi kyau ƙwarai, ya haura miliyan 300, amma dabarar nan ta sayar da izinin waje tun da wuri, wadda ta ceci The Lord of the Rings, ita ce ta hana New Line cin moriyar wannan kuɗi. A ƙarshen Fabrairun 2008 shugaban Time Warner, Jeff Bewkes, ya sanar da cewa an mayar da New Line reshe a cikin Warner Bros., Shaye da Lynne suka bar kamfanin, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aikinsu. Da a ce kamfanin na Shaye ne, da zai iya faɗuwa ko ya tashi a kan nasa lissafi, amma ba wanda zai sallame shi daga gidan da ya gina shekara 40.

Alhaji Garba:
Gaskiya ne an sallame shi, kuma abin ya taɓa ni, domin mutum ne da ya fara da ɗaukar gwangwanayen fim da hannunsa. Sai dai ka lura cewa kai da kanka ka nuna 2008 a matsayin shekarar da wani abu ya mutu. Idan komai ya ƙare tun 1994, me aka rufe a 2008? Abin da aka rufe shi ne sashen rarrabawa da na talla, wato sana'ar da aka kafa kamfanin a kanta. Kuma kada mu manta cewa ba tare da kuɗin Turner da Time Warner a bayansa ba, da wuya masu rarrabawa na Turai su amince su zuba dukiyarsu a kan fina-finai uku da ba su ga ko ɗaya ba. Orion Pictures, wadda ba ta ƙarƙashin wani babban kamfanin Hollywood, ta ci Oscar na gwarzon fim shekara biyu a jere, da Dances with Wolves da The Silence of the Lambs, amma ta shiga fatara a 1991. Carolco, wani kamfanin irinta, ta bi sahu a 1995. Shaye ya ga abin da ya sami irin su Orion da suka tsaya su kaɗai, ya zaɓi ya sayar ya ci gaba da riƙe ragama, kuma ya riƙe ta shekara 14.

Hajiya Rabi:
Ina tare da Alhaji a kan 2008, kuma tambarin da aka fitar a 2011 ne ya sa na tsaya a nan. A duk sauye-sauyen baya, akwatin shi ne yake fitowa shi kaɗai daga cikin duhu, sunan mai gida yana ƙasa da ƙananan haruffa waɗanda sai mai lura yake karantawa. A na 2011 kuwa garkuwar da ke tambarin Warner Bros. ce take fara bayyana da ruwan zinariya, sai ta wargaje, gutsattsarinta su taru su zama akwatin New Line. Baƙin allon da shuɗin hasken sun tafi. Masu tsara shi sun faɗi abin da ya faru a sarari: wannan akwati yanzu daga jikin Warner aka yanko shi.

Ba na cewa fina-finan da suka biyo baya ba su da kyau. The Conjuring na 2013 da It na 2017 sun yi kasuwa sosai, na biyun ma ya tara kimanin dala miliyan 700, kuma dukansu na ban tsoro ne, irin kayan da kamfanin ya tashi a kansu. Amma Warner Bros. ce ta kai su sinima, ita ta zaɓi ranar, ita ta biya talla. New Line ta yau mai shirya fim ce, ba ta rarraba ko ɗaya, kuma aikin sayo fim ɗin da kowa ya ƙi a kai shi gaban jama'a ya koma hannun wasu irin su A24, wadda aka kafa a 2012, da Neon, wadda ta rarraba Parasite na Koriya ta Kudu a Amurka har ya ci Oscar na gwarzon fim a 2020.

Malam Nasiru:
Hajiya, bayaninki a kan garkuwar da take wargajewa ya gamsar da ni cewa 2008 da 1994 ba abu ɗaya ba ne, amma ban sauka daga matsayina ba. Abin da ya faru a 2008 an sa masa hannu tun a takardar cinikin 1994, jinkiri kawai aka samu saboda kamfanin yana kawo riba. Misalin Orion da Alhaji ya kawo yana nuna dalilin da ya sa Shaye ya sayar, bai nuna cewa bai sayar ba. Zan so wanda yake da tsofaffin kwafe-kwafen fina-finan 1996 da 1997 ya duba mana a wane fim ne sunan Turner ya fita na Time Warner ya shigo, domin kwafen da ake sake fitarwa yanzu sau da yawa ana maye tsohon tambarin da sabo, kuma hakan yana share wannan ɗan rubutu da muke muhawara a kansa.